Takardar Duba-Gari

Ran Talata, Mafara duk ta tafi kasuwa,
ni ina tsugune ina jiƙa dusa,
sai sallama a zaure, muryar da ban sani ba.
Yaro ne, bai girmi ɗana Hakilu ba,
riga mai aljihu huɗu, biro a bayan kunne.
Ya ce shi duba-gari ne daga sakatariya,
an kai ƙarar awakina.

Awakina!
Kyalla, da Jar-wuya, da 'yar baƙar nan mai ɗingishi,
da bunsurun da na saya da kwasar adashe.
Na ce, "Hatsin wa suka ci?"
Ya ce, "Ba ci ba ne, Inna. Wari ne,
da ƙuda, da ruwan turke mai bin kwata
ya je ya kwanta a ƙofar wani."

Wani.
Bai faɗi suna ba, wai aiki ya hana.
To, lungunmu gida huɗu ne:
biyu na 'yan haya, masu fita tun asuba,
ɗaya nawa.
Ko makaho ya lalubo na huɗun.

Marwanu!
Yaron da na goya ran da Kulu ke naƙudar ƙanensa,
wanda ya sha nonon kakar Kyalla a ludayi
shekarar da ƙyanda ta hana shi tuwo.
Taku tara ne daga ƙofarsa zuwa tawa,
na ƙirga.
Ya tsallake taku tara, ya hau babur,
ya ƙona mai har sakatariya.

Yaron ya zagaya turke da hankici a hanci,
ya rubuta, ya yage, ya miƙo:
kwana bakwai a gyara,
in ba haka ba, tara.

Daren nan barci ya ƙi ni.
Na shirya maganganu masu ƙaya,
na jera su kamar itacen girki.
Can na yafa zane, na fita,
na zaga bayan katangata, inda ban taɓa tsayawa ba,
ƙarƙashin sabuwar tagar da ya fasa wa uwarsa.
An yi yayyafi da magariba.
Iska ta taso daga gidana ta mare ni.
Ashe hanci ba ya jin na gidansu.

Sai na ji tari daga ciki,
tarin Kulu, mai ja kamar guga a rijiya mai zurfi.
Na daɗe a tsaye.
Itacen da na jera, ko ɗaya ban hura ba.

Kwana uku ni da Hakilu muna haƙa.
Muka mai da turke gindin zogale,
muka zuba yashi da toka,
muka yi wa ruwa rami, ya daina yawon gulma.
Wani mai albasa daga Bakolori ya kawo amalanke
ya kwashe taki buhu shida, har ya biya.
Abin da ya kai ni ƙara, wai shi ne kuɗi!

Bunsurun kuwa, Talatar da ta zagayo
na riƙe igiyarsa da kaina har kara.
Bai waiwayo ba. Ni na waiwaya.

Duba-gari ya dawo, hankici na aljihu,
ya sa hannu, ya sha ruwan randa,
har ya tambayi kuɗin 'yar baƙar.

Yanzu Marwanu kan gaishe ni a bakin famfo,
idonsa a kan tayar babur.
Nakan ce lafiya lau.
Jiya Kyalla ta haihu, na aika wa Kulu nono,
Kulu na ce, ba shi ba.
Ƙwaryar ta dawo a wanke, da goro biyu,
babu saƙo.

Taku taran na nan inda suke.
Na share su da safe.