Farantin Baƙo

Jirgin ƙasa ya sauke ni a Sanok ƙarfe huɗu,
rana ta riga ta tattara nata ya nata.
Hunturun nan ba ya barin haske ya zauna hira.
Dusar ƙanƙara ta danne rufin gidaje,
ta danne bakin kogin San,
ta shafe sawun da na bari bara,
lokacin da nake da abin cewa in an ce a yi addu'a.

Ban yi faɗa da kowa ba.
Wata Lahadi ce a watan Mayu,
na ɗaure igiyar takalmi ɗaya,
na zauna riƙe da ɗayan har ƙararrawar coci ta gaji.
Imani ya bar ni yadda zafi ke barin shayi:
ba ka ganin fitarsa, sai ka kurɓa.

Mama ta buɗe ƙofa, hannunta duk fulawa.
Ta sani. Bogumiła ta tsegunta mata tun kaka.
Ba ta ce uffan ba, sai "Ka rame."
Ta miƙo mini wuƙa da kwanon albasa,
don hawaye in sun zo su tarar da hujja.

A bahon wanka akwai sauran ƙamshin kifin bana,
kwana biyu ya yi yana kewaye a ciki,
bai san me ake jira da shi ba.

Jagoda, 'yar shekara shida, ta manna hanci a taga.
A gidanmu ba a taɓa cokali sai tauraron farko ya leƙo.
"Ga shi! Ga shi can!"
Jirgin sama ne. Na ga jar fitilarsa tana ƙyaftawa.
Na ja bakina na tsuke.
Ba kowace gaskiya ce ke da gaggawa ba.

Busasshiyar ciyawa ƙarƙashin farin mayafin tebur,
jar miyar gwoza mai tsami, kala goma sha biyu a jere.
Mu shida ne, faranti bakwai.
Na bakwai na baƙon da dare zai iya jefowa,
wanda tun ina goye bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Sai aka raba farar wainar nan mai kaurin takarda.
Kowa ya gutsuri ta ɗan'uwansa, ya yi masa fatan alheri.
Fulawa ce da ruwa, na sani,
amma hannun da ya miƙo yana rawa.
"Lafiya, Ludwik," in ji Mama,
"da abin da kake nema, ko mene ne."
Ta narke a harshena kafin in sami amsa.

Sha ɗaya da rabi suka hau sa manyan riguna.
"Kawu, kai fa?"
Mama ta ɗaura wa yarinyar gyale, ba ta ɗago ba:
"Dole wani ya tsaya ya kula da murhu."
Shekara goma rabon gidan nan da hura murhu.

Ni da ruwan zafi da tarin kwanuka.
Ƙararrawa ta ratso kwari ta shigo ta taga,
sai ga bakina yana rera waƙar tsakar dare,
baiti bayan baiti, bai nemi izinina ba,
kamar doki da ya san hanyar gida
ko da mahayinsa ya daɗe da sauka.
Na bar shi ya kai ƙarshe.

Faranti na bakwai yana nan fes.
Na yanko kek, na ɗora a kai,
na ja kujerar da ba ta kowa ba,
na ci a hankali, ina kallon gidanmu daga nan.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka dawo da sanyi a kafaɗa.
Mama ta dubi burbushin, ta dube ni,
ta kakkaɓe hularta.
"Ashe bana baƙon ya zo," ta ce,
ta ɗora ruwan shayi.