Ɗaki na Goma Sha Bakwai

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
Tun watan Mayu yake zuba, ga Agusta bai gaji ba.
Na hau bene, laima a hagu,
Ailín a ƙirji tana huci,
jakar takardu tana dukan cinyata
kamar mai bin bashi.

Ɗaki na goma sha bakwai, ƙarshen baranda.
Bara nan ne makabartar sashen lissafi:
kujeru masu ƙafa uku,
takardun jarrabawar ɗaliban da suka yi furfura.
Yau akwai gadon jariri, labule, ɗan firji,
da allo. Allon ni na roƙa.
Suka ce, allo a ɗakin shayarwa?
Na ce hannuna na dama ba ya shayarwa.

Aikina lambobin da ba sa rabuwa
sai da kansu, sai da ɗaya.
Shekara goma sha ɗaya ina bin sawunsu
har aka ce mini, Rayén, zama irinsu,
kada ki bari komai ya raba ki.
To ga ni, dare ya raba ni uku,
safiya ta raba abin da ya rage,
da ragowar nake tunani.

Farfesa Elvira Schüler ce ta yi rigimar ɗakin nan.
Taro tara, wasiƙa ban san iyaka ba.
Wata rana tana karkaɗe alli daga hannun rigarta
ta ce: wata bakwai na ɓoye cikin Baltazar
a ƙarƙashin kwat ɗin mijina.
Kwana tara da haihuwa na koma aji.
A banɗaki nake tatsa, a tsaye,
in zubar a kwatami don babu wurin ajiya.
Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko na ci abinci.

An ɗauke taron sashe daga shida na yamma
zuwa sha ɗaya na safe.
Don Hernán Oyarzo ya yi tsaki,
wai lissafi bai san agogo ba.
Shi kam bai sani ba;
matarsa ce ta san agogon shekara talatin.
Yanzu yakan leƙo ranar Laraba,
wai alli yake nema,
ya tsaya yana kaɗa wa yarinya makullansa.

An ƙara mini shekara ɗaya kafin a auna ni.
Kuɗin tafiya taro ya haɗa da tikitin mahaifiyata,
ta taso daga Panguipulli da ƙullin gasasshen gari,
ta zauna bayan zaure da jikarta,
da na sauko ta ce:
har yanzu ba ku gama ƙirgan ba?

Ba mu gama ba, Inna.
Akwai kuskure a shafi na tara,
ya kwana arba'in a can kamar ƙaya a tafin ƙafa.
Jiya, wajen ƙarfe uku na dare,
Ailín na tsotso, idona kan tabon rufi,
sai na gan shi: alama ɗaya, ta juya baya.
Shi ya sa na yi sammako.

Ina rubutu, ƙurar alli na sauka kan hularta,
sai aka ƙwanƙwasa.
Yasna Millapán ce, ɗalibar digiri na uku,
rigarta ta fara yi mata kaɗan.
Ta ce ta karanta ƙa'idar tallafinta sau huɗu,
babu layin da ya san da ita.

Na ajiye alli a tsakiyar hujja.
Na ce riƙe mini yarinyar nan,
tallafi kanta, haka.
Na yago takarda, na rubuta kwanan wata,
na kira Elvira.
Ta ce tana cikin bas, kan gada,
mu fara ba ita.