Tufka da Warwara

Ƙarfe biyun dare a Naraguta.
Janareto ya yi tari, ya ci gaba.
Nanret ta miƙe kan benci, ta lulluɓa da farar rigar aiki,
ni kuwa ina gadin injin
da ke juya ɗigon jinin ƙanena.

Sallau. Shekara sha huɗu.
Tafiyarsa ta mai tsallake Dilimi ce bisa duwatsu masu santsi,
ko da a tsakar gida yake.
Maƙwabta a Gangare sun ce iska ce.
Inna ta ce sanyin Jos ne ya shiga ƙashi.
Na yi shiru, don abin da na sani
ido bai taɓa ganinsa ba,
kuma ba shi da suna a bakin gidanmu.

Baffa Ilu ne ya fara karantar da ni, bai sani ba.
Bakin kasuwar Farin Gada, rama a jiƙe,
yakan tofa yawu a tafi, ya murza a cinya.
Biyu, in ji shi, su ke riƙe juna.
In za ki ƙara ta uku,
ki san inda za ta kwanta.

A kowace ƙwayar jiki haka abin yake:
zare biyu a murɗe,
wasiyyar kakanni rubuce a kai da baƙi huɗu kacal.
Ran da ƙwaya za ta zama biyu
sai mai warwara ya shige gaba yana buɗewa,
magatakarda na biye, baƙi bayan baƙi,
yana yi wa kowane zare sabon abokin tafiya.
Tun muna ciki ake wannan aiki,
ba hutun salla, ba na Lahadi.

Amma akwai inda rubutun ke in'ina,
baƙi uku, baƙi uku, baƙi uku,
har sau ɗari bakwai.
Nan zaren da aka saki, maimakon ya jira,
sai ya lanƙwaso baya
ya kwanta a kwarin da ke tsakanin 'yan'uwansa.
Biyu sun zama uku.
Ba wanda ya gayyace shi,
shi ma ba da mugunta ya zo ba,
wurin ne ya yi daidai da shi.

Magatakarda ya iso, ya turje
kamar tirela a Hawan Kibo.
Wani lokaci a zo a kwance masa hanya, ya wuce.
Wani lokaci zaren ya tsinke.
Wani lokaci ya zame baya,
ya sake ƙirga abin da ya riga ya ƙirga,
in'inar ta ƙara tsawo,
a miƙa wa na gaba.

Rabi daga Inna, rabi daga Baba.
Wa zan kai ƙara?

Ƙanƙara ta fara dukan kwano.
Nanret ta farka, ta dubi allo, ta dube ni,
ba ta ce komai ba, ta zuba mini shayi a murfin fulas.
Layin yana nan, can sama,
inda na roƙi Allah kada in same shi.

Da safe na tarar da shi dafe da bango,
yana ɗaure takalmi da hannu ɗaya.
Yaya, me kika gani?
Na ce, ƙulli.
Ya ce, ana kwancewa?

Baffa Ilu bai taɓa sa wa igiya wuƙa ba.
Haƙori yake sawa, da farce,
wani ƙullin ya kai shi la'asar.

Na durƙusa na kama masa ɗayan bakin igiyar takalmin.
Na ce, ja naka.