Minti Uku

Ruwan Hull ba ya sallama,
yayyafi ne mai naci kamar mai bin bashi.
Na sauka daga bas, laimata ta karye haƙarƙari ɗaya,
na hau benen tsohon ɗakin karatu
inda hukuma ta tara mu bita,
mu sha huɗu, kowa da kati rataye a wuya
kamar layar da ba ta maganin gajiya.

Gaskiya, sa hannu ya kawo ni.
Nuwamba ta ƙarato, rajista na neman sabuntawa,
sai ka nuna ka ƙaro ilimi
kafin a bar ka ka ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofin mutane.
Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan.
Na ce a raina, me ya rage a tukunya
da ludayina bai taɓo ba?

Malamar, Misis Thackray, gajeruwa mai furfura kamar auduga,
ta kashe majigi tun bai yi ɗumi ba.
Ta ce, "Ku zauna bibbiyu, fuska da fuska.
Ɗaya ya faɗi abin da ya hana shi barci a makon nan.
Ɗayan kada ya ce uffan, kada ya rubuta.
Minti uku."

Aka haɗa ni da Declan, sabon shiga,
mai jan gashi, takalmansa sharkaf.
Ya fara da kuɗin haya, ya tsaya.
Harshena ya hau ƙaiƙayi.
Ina da lambar waya uku da zan ba shi,
har na hango gurbin da zai cike a fom.
Na danne. Agogon bango ya yi ta sara.
Can sai ya ce ba haya ba ce,
yarinya ce da ya ɗauke daga gidansu ran Talata,
ta tambaye shi ko za ta tafi da kyanwarta,
bai san me doka ta ce ba, ya ce a'a.

Sai a minti na uku kyanwar ta fito.

Na tuna Inna Lantana a Malumfashi.
In ta je dubiya, sannu ɗaya take yi,
ta zauna bakin tabarma tana ɓarar gyaɗa har la'asar,
majinyaci ya yi ta zazzage abin da ke ransa.
Ba ta da satifiket.
Ni na ƙetare teku, na zuba fam dubbai,
don wata Baturiya ta maido mini
abin da na baro a tsakar gidanmu.

Na kuma tuna Mista Osgerby na titin Hessle
wanda jaridu suka cinye falonsa har rufi,
saura siririyar hanya daga ƙofa zuwa kujera.
Sau shida na je, sau shida na yi masa huɗubar gobara.
A fayil na rubuta: ba ya ba da haɗin kai.

Ƙarfe huɗu aka raba takardar shaida,
awa shida, da sauran biskit.
Ban koma ofis ba.

Na zauna kan jaridun bara, jakata a rufe.
Ya dube ni yana jiran wa'azi.
Butar shayi ta yi kuka ta gaji.
Uku ya wuce. Biyar. Ƙafata ta mutu.
Ya ce, "Marigayiya ce ke cike wasan kalmomi na shafin baya.
Da biro, ba ta san gogewa ba.
Ban san a wacce ta tsaya ba."

Ban ce komai ba.
Haɗarin gobara yana nan, fom ma yana nan,
gobe shugabata za ta tambaye ni me na cim ma.
Ya miƙo mini ta saman tarin,
ya ɗauki ta biyu, ya gyara tabarau,
muka fara daga shafin baya.