Tsagar Wanzami

A Garwa aka binne cibiyata,
bayan masallacin unguwa, gindin darbejiya.
Wanzami Jatau ne ya tsaga kumatuna,
uku nan, uku can.
Har yau in na sa yatsa ina jin hanyar askarsa.

Shekara talatin ina gyaran rediyo
a bakin kasuwa, kusa da masu kifin Binuwai.
Babu tashar da ba ta bi ta hannuna ba.
Abin da na koya kaɗan ne:
allurar da ta daɗe wuri ɗaya, tsatsa ke aurenta.

Ran da aka raba atamfar jam'iyya
Gambo mai shayi ya miƙo mini yadi shida,
fuskar mutumin tana murmushi a kowane ninki.
Na ce na gode, a kai wa wani.
Cokali ya tsaya cak a kofi.

Abin da na faɗa bai cika cokalin ba.
Na ce ba duk ɓeran da ke rumbunmu ne
ya sauko daga jirgin Faransa ba.
Na ce wanda ya ci kuɗin rijiyar unguwa
da harshenmu yake sallama.
Na ce a bar mini ƙuri'ata,
ita kaɗai ce gonata da ba a raba gado a kanta ba.

Kafin asuba an raɗa mini sabon suna ba rago:
Yaron Nasara. Karen farautar wasu.
Wani ɗan lakwal da sukudirebana ya girme shi
ya ce fatar ce kawai baƙa, cikin duk alli ne.
Na duba hannuna. Ga baƙin nan, ga ƙunar dalma.
Ban san kasuwar da ake awon baƙi ba,
ko da mudu ne, ko da sikeli,
ko wa ya naɗa sarkin awon.

Mamuda, wanda muka koyi iyo tare a ƙarƙashin gada,
yanzu kwata yake tsallakawa in ya hango ni.
An yi sunan jikar Indo, goro ya zaga layinmu
ya ƙetare ƙofata kamar an ɗaure kura a zaure.
Ladidi ta dawo daga wajen adashi
da zubinta a ƙulle a bakin zane. An ce ta huta tukuna.
Ba ta ce mini komai ba. Ta zubo tuwo,
ta dire kwanon da ɗan ƙarfi.

Su ma waɗancan kada su ce na yabe su.
Sun kira ni taronsu,
suka dasa ni a kujerar gaba, wani ya gyara mini hula,
mai hoto ya ce in juyo da tsagar sosai.
"Ga Bahaushenmu!" in ji mai lasifika.
Da na ɗaga hannu zan yi magana
sai aka ce lokaci ya ƙure.
Na hau babur na koma gida, da kuɗin aljihuna.

Mai yiwuwa na yi kuskuren mutum.
Na taɓa sayen batir na jabu,
hakan bai mai da ni ɗan wani gari ba.
Kakata, da ta sayar da daddawa har idonta ya tafi,
ba ta taɓa yarda da kakana a kan komai ba,
ga su can kwance, taku huɗu tsakaninsu.

Jiya bayan magariba Mamuda ya aiko yaro
da rediyonsa a leda, babu gaisuwa.
Na kwance. Waya ɗaya ce ta saki.
Na liƙe ta, na hure cikin,
na bar masa allurar daidai inda ya ajiye ta,
a kan tasharsa.

Yaron ya ce, nawa ne?
Na ce, ka ce ya zo da kansa ya tambaya.