Kwana Hamsin da Biyar

A Lalibela, kakata Yeshiwork
ta kife tukunyar nama a bayan ɗaki.
Ba nono, ba man shanu, ba ƙwai,
ko ruwa ma sai rana ta karkata.

Na ce, "Wai yunwarmu Allah yake so?"
Ta ce, "Ciki jaki ne, Tadele,
in ba ka hau shi ba, shi zai hau ka."

Ba takalmi take shiga cocin dutse,
ta dogara sanda, ta yi ta addu'a
har gwiwa ta gaza.

Garin da muka rage ta auna,
ta kai wa Mulatu,
wanda ya yi mata ƙazafi bara.

Ta dawo tana haki.
"Wannan," in ji ta, "ya fi barin nama wuya."