Baƙon da Ke Cikin Kwatangwalona

Shekara talatin da bakwai ina goga ƙarfe a kan dutse
a bakin mayankar Fagge.
Mahauta su miƙo wuƙa, in mayar musu da kaifi.
Na san kukan ƙarfe in ya gamu da wanda ya fi shi taurin kai,
na san garin da yake zubarwa, baƙi, mai laushi kamar kwalli.
Dutsen nawa ma ya rame a tsakiya.
Ba mai gogar wani ya tashi yadda ya zo.

Ranar wata Talata, a Ƙofar Mazugal,
ɗan sahu ya ɗauke ni ba tare da na tsayar da shi ba,
ya ajiye ni a bakin kwata.
Kwatangwalo ya tsage kamar tsohuwar ƙwarya.

A asibitin Dala, Likita Zulaihatu ta nuna mini irin baƙon
da za a saukar a jikina:
kai kamar ƙwallon goruba, sumul, yana ɗaukar ido,
jela kuwa kaushi gare ta, sai ka ce harshen saniya.
Na shafa da babban yatsa, na ce,
likita, wannan ba a gama aikinsa ba,
ba ni shi in lallashe shi a kan dutse.
Ta yi dariya har da dafa gado.
Ta ce, Baba Ɗanlami, kan nan muna so ya zame,
jelar nan muna so ta ƙi.
In ta yi santsi, ƙashi bai da abin kamawa,
sai ta riƙa rawa a cikin ɓargo
kamar fartanyar da ta saki ƙota.

Ni da na tsufa ina kore kaushi,
yau kaushi ne zai riƙe ni a tsaye.

Da dare nakan kasa kunne.
Tabawa ta ce ba ta jin komai sai minsharina,
amma ni na san ana wata magana a can ciki,
ƙashi na tambaya, kai ɗan wane ne,
ƙarfe ya yi shiru, don ba a haife shi ba.
Wata uku suna kallon-kallo.
Ina salla a kan kujera, a ƙarshen sahu,
ina ƙirga matakan masallaci kamar mai bin bashi.

Sai aka ɗauki hoto, aka ɗaga shi ga fitila.
Ta ce, duba nan, ƙashi ya fara rarrafowa,
yana cusa yatsunsa a ramukan ƙarfen.
Na ce, to garin fa?
Duk inda aka yi gogayya sai an zubar da gari,
nawa ina sharewa da tsumma,
na ciki wa zai share?
Ba ta yi dariya ba wannan karon.
Ta ce, shi ya sa za ka riƙa zuwa duk shekara.

Na koma bakin dutsena da sanda.
Ma'aruf mahauci ya ce hannuna ya yi sanyi,
wuƙarsa na daɗewa kafin ta tashi.
Ban gaya masa ba:
yanzu in na ɗora ƙarfe a kan dutse
sai in ji kamar nauyina ne a kai,
sai in ƙara ruwa,
in sassauta.